Kwaɗin da Na Ɗauko wa Tafkinmu

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa, don karatuna a firamare ya tsaya, kuma ina tsoron ɗora wa wani laifin da ba nasa ba. To amma damina na tafe.

A wajenmu, Riko, ba na shuka sai burduddugi, babban kwaɗon nan, ya yi kuka a tafki. Shi ke nuna ruwa ya ratsa ƙasa. Masu bandarsa sun kwashe namu kaf. Bara na yi shuka da ka, iri ya ƙone.

Tafiya

Bayan sallar asuba na hau babur zuwa Jibiya, na shiga mota muka bi ta Magama muka tsallaka Nijar. Da hantsi na isa ƙauyen yayana Idi, inda tafkinsu bai ƙafe ba. Ya ba ni fura, ya yi ta dariya, wai wasu mutane raƙuma suke tsallakawa da su, ƙanensa kuwa kwaɗi. Duk da haka ya shiga laka ya tono mini manya, muka zuba a jarka.

Dawowa

Da azahar muka taso. A motar akwai ɗan kasuwa da buhunan busassun kwaɗi, da wata tsohuwa mai bushiya a kwando. Duk ramin da muka faɗa sai na leƙa jarka.

A wani shinge jami'i ya karɓe bushiyar. Ya ce dabbar daji ce mai shayarwa, ba a yawo da ita. Ya sa ta a inuwa, har da ruwa. Buhunan kuwa ya ce abinci ne, tare da busasshen kifi ake lissafa su.

Sai ya leƙa jarkata.

"Baba, waɗanga fa? Na ci ne?"

Na ce a'a, ranka ya daɗe, tafki zan kai su.

"Da matattu ne da sun wuce. Masu rai ban san inda zan sa su ba."

Ya sa na juye su a gefen kwalta, rana tsaka. Mota ta tashi da mu da buhunan, ina waige.

Gida

Na iso Riko da magariba, na gode Allah. Jarkar na nan a zaure.

Ni dai bushiya ina ganinta a gona. Burduddugi ne ban ƙara ji ba. Don Allah wanda ya san ko akwai dokar da ta kare kwaɗo yana da rai, ko ya san tafkin da yake kuka a wannan ɓangaren iyaka, ya sanar da ni kafin ruwan fari. Irin da ya rage mini na shuka ɗaya ne.