Kawu Hamidu, Mai Cire wa Dodo Fuska

Ranar Alhamis, 15 ga watan Mayu 2025, ina ban ruwa a fadamar Jiratawa aka kira ni a salula, aka ce Mai rai Ya karɓi abinSa. Kawu Hamidu, telan nan na Sabon Gari, ya rasu bayan gajeriyar jinya. Daga Allah muke, can kuma za mu.

Kawu, manya sun san ka da ɗinki, yara kuwa da fim. Da salularka kake ɗaukar gajerun labaran ban tsoro, ka haɗa su wuri guda, ka nuna wa yaran unguwa cikin shagonka ranar da babu lakwal, wato makaranta. Akwai akuya mai magana a bakin rijiya, akwai dodon da ke satar takalman masu ƙin wanka. Jinin fim ɗinka zoɓo ne, haƙoran dodo kuwa rogo. Manya kan leƙo su yi dariya, su ce ga silifan dodo can a waje. Kai ma dariyar kake yi.

Abin da ba su lura da shi ba, ba ka sallamar yara sai ka fito da wanda ya sa fuskar dodon, ya cire ta a gabansu, su taɓa ta, su ja masa kunne. Ni kaina na sha sa fuskar, na kuma sha jan kunnen nan. Ka ce mini yaro ya ji tsoro a shago ba laifi, amma kada ya tafi da shi gida.

Fim na ƙarshe cikin zazzaɓi ka nuna shi. Kai ne dodon ciki, jiri kuma ya kwashe ka kafin a cire fuska. Yara suka watse da tsoronsu. Da labarin rasuwarka ya bazu, sai suka ce dodon ne ya cinye ka. Damaris, ƙaramar ɗiyar maƙwabcinka Matiyas, ta daina bin layin shagon, abinci ma sai an yi da gaske.

Bayan sadakar uku na roƙi matarka, Inna Zuliha, ta ba ni fuskar. Wasu dattawa suka ce bai dace a yi wasa kusa da gidan makoki ba. Ita ta ce in je, aikinka ne da ba ka ƙarasa ba. Na tara yaran da hantsi, na sa, na cire, na juya musu cikinta su gani. Ƙwarya ce da tsumma. Damaris ta daɗe tana leƙe daga bayan babanta, sannan ta matso ta taɓa.

"To, mi ya kashe Kawu?" in ji ta.

Na ce ciwo ne, kwanansa kuma ya ƙare. Sai a lokacin ta yi kukan rashinka, irin wanda muke yi.

Allah Ya jiƙan ka, Kawu, Ya yafe kurakuranka, Ya amintar da kai daga tsoron kabari. Inna Zuliha da iyali, da yaran Sabon Gari, Allah Ya ba mu haƙuri.

Zakariya'u, Jiratawa