Farar Rigar Ilarie

Shekara talatin da huɗu Safta tana ɗinka wa mijinta Ilarie kayan farauta, a ƙauyensu na gindin duwatsun Maramuresh. Kore idan daji ya yi ganye, ruwan ƙasa mai dabbare-dabbare idan ganye ya zube, fari fat idan dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina. Ba ta taɓa sa musu sabulu ba, don barewa hanci gare ta. A buhu take ajiye su cikin busasshen ganye. Ko bai faɗa ba, rigar da ya ɗauka takan gaya mata inda ya nufa.

To bana lissafin ya ƙi fita. Ƙanƙara har gwiwa, amma safiya uku a jere tsohon ya tsallake farar ya zura mai ruwan ƙasar. Wace dabba ce makauniya da za ta tsaya masa haka? Kuma kullum hannu wofi yake dawowa. Safta mace ce da ko kaza ta canja wurin ƙwai sai ta bi diddigi, balle miji. Ga shi hanyar dajin ta ƙofar Veta ta bi, bazawarar nan mai dariya kamar an kwance akuya.

Da ta ajiye masa tuwon masara da cuku ta ce, "Maigida, barewar bana ba ta da ido ne, ko kuwa ƙafa biyu gare ta?"

"Ke dai ba ni gishiri, tsohuwa," in ji shi, bai ɗago ba.

Ranta ya ɓaci matuƙa. Washegari ta zura farar rigar tasa, ta bi sawunsa. Ya wuce gidan Veta ko waiwaye babu. A bakin daji ta iske shi zaune kan kututture, yana haki, hannu dafe da ƙirji, bindiga jingine nesa da shi. Sai da ta zo dab da shi ya gan ta, har ya firgita.

"Kin gani ko? Ɗinkinki ya yi kyau da yawa," ya ce. "Tun kaka ƙirjin nan ke kama ni. In na faɗi sanye da farar, sai ƙanƙara ta narke za ku same ni."

Tsoro ya kama Safta. Ta zagi taurin kansa tun daga nan har gida, tana riƙe da hannunsa. Da rana ta ciro jan mayafinta na biki, ta ɗauko almakashi don ɗinka masa rigar da za a hango daga nesa.