Kukar Goggo Basira

Duk wanda ya taɓa shan miyar kuka a wajen Bafarawa, ko ya sani ko bai sani ba, ya ci daga hannun Goggo Basira. Ƙanwar babana ce. Ni kuma Wada, ɗan kabu-kabu, ni ke ɗaukar ta da buhun garin kukarta duk ranar kasuwa. Kyauta nake kai ta, amma faɗa nake sha tun daga ƙofar gida har rumfa. In na yi gudu ta ce so nake in kashe ta in gaji turminta, in na sassauta ta ce jaki ya fi ni zuciya.

Gajera ce, ga baki kamar reza. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Ɗanta guda, Kamalu, ɓarayin daji sunka tare shi a hanyar gona shekarun baya, gawarsa anka kawo. Shi ne ɗan fari, kuma kun san matanmu da kunyar ɗan fari: ko yana raye ban taɓa jin ta kira sunansa ba, sai dai "wancan" ko "mutumin naku". Tun rasuwarsa ba wanda ya ƙara taka gonarsu ta nesa.

Abin da ya rage mata kuka ce guda, wata tsohuwa a bakin gari, mai turakun icce a jiki don hawa. Tana tsakiyar gonar Malam Muntaka. Gonar tasa ce, kukar ta Goggo ce, gadon uwarta. A wurinmu wanga ba abin mamaki ba ne, ƙasa na canza hannu icce ya tsaya ga mai shi, har na goye ya san haka.

To, sai ga wani kamfani ya zo gina rumbun ajiyar albasa mai aiki da sola, ya sayi gonar. Anka tara maza a zauren maigari, anka raba lemo, anka tambaya ko akwai mai ƙorafi. Shiru. Wa zai tsaya gaya wa mutum abin da kowa ya sani? Shi kansa Muntaka ya ɗauka sun san ƙasa kaɗai ya sayar. Mata kuwa ba wanda ya leƙa su. Kafin mu ankara an zagaye wurin da waya, kuma labari ya fito za a sare kukar, wai inuwarta za ta tare farantan sola.

Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce bari in tara samari mu je. Goggo ta ce in rufe mata baki, ni da ko taya ban iya liƙewa ba. Washegari ta sa na kai ta bakin get da tabarma, da ƙatuwar kula ta tuwo, da tukunyar miya. Is'haƙa mai gadi, wanda da tuwonta ya girma, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce an hana kowa shiga. Ta ce ai ba shiga ta zo yi ba, kukarta ta zo gani, kuma ido ba ya buƙatar izinin kamfani.

Daga nan ta zama mai tuwon leburori. Kullum da hantsi tana nan, tana zuba musu tana zagin ramarsu. Wanda anka ɗauko da injin yankan icce ma ya ci ranar farko, ta ƙara masa man shanu, ta nuna masa kukar ta ce miyar da ke bakinsa daga can ta fito. Bawan Allah nan bai ƙara samun lafiyayyen inji ba. Yau mai ya ƙare, gobe sarƙa ta tsinke, jibi ciwon baya. Amma kowa ya san dabarar ba mai ɗorewa ba ce, manajan kamfanin ya ce zai kawo wani daga Sakkwato.

Ana haka kamfani ya turo wata ma'aikaciyarsa, Firdausi, mai kula da hulɗa da jama'a, ta ga abin da ya tsayar da aiki. Ni na ɗauko ta daga tasha, kuma wallahi kafin mu iso ta san kukar har kakanninta daga bakina. Ta cire takalmi ta zauna kan tabarmar Goggo, ta saurara da kyau. Sannan ta ce ƙa'idar kamfaninsu ce kafin a taɓa wuri a tambayi duk wanda abincinsa ke fitowa daga nan.

"Mama, maza munka tambaya munka tafi," in ji ta. "Laifinmu ne, ba naki ba."

Ta yi maganar diyya mai kauri, har da rumfa a kasuwa. Ni dai har na fara haɗiyar yawu. Goggo ta ce ta gode, Allah ya yi albarka, amma kukar ba ta sayarwa ba ce. Firdausi ta tambayi dalili, Goggo ta tura mata kwanon tuwo ta ce ta ci kafin ya huce. Firdausi ta tafi ba tare da alkawari ba, ta ce dai za ta kai magana sama, kuma matsar da farantan aiki ne mai tsada. A hanya na yi ta mita ina cewa taurin kan tsohuwar nan zai sa ta rasa duka biyu.

Damina ta yi nisa muna jira, ganye ya yi shar ba mai tsinka. Sai wata safiya munka tarar da leburori suna tuge waya. Anka mayar da farantan gabas, anka lanƙwasa shingen ya zagaye kukar ya bar ta waje, da 'yar hanya har bakin titi. Firdausi kuma ta sa anka tara matan gari su kaɗai a gidan maigari, sunka fito da maganar hanyar rijiya da wayar ta toshe, ita ma anka buɗe.

Na zaci Goggo za ta yi guɗa. Ba ta yi ba. Ta taka har gindin kukar, ta daɗe tana shafa turken farko na hawa, wanda ya yi santsi don taku. Sannan ta miƙo mini lauje ta ce in hau, ganye na tsufa. Na tuɓe takalmi na ɗora ƙafa, sai ta riƙe mini riga.

"Taka a hankali, Wada, kada ka karya mini ko guda," ta ce. "Kamalu ya kafa su."