Mita Biyun Kawu Don-me

Yayan mahaifiyata sana'arsa gyaran sikeli. Shekara talatin da wani abu ya yi a ɗan shagonsa na bakin kasuwa, yana kwance sikelin mahauta da na masu shago da na awon jarirai, ya gyara ya mayar. Mu 'ya'yan dangi Kawu Don-me muke ce masa, domin ko gaishe shi ka yi ka ce ka gaji, sai ya tambaye ka don me.

Duk tsawon shekarun nan a gidan haya suke shi da matarsa, wadda muke kira Inna, a hawa na biyu. Da gwiwoyin Inna suka fara ciwo, sai ta yi mako ba ta sauko ƙasa ba. Nan ne Kawu ya tashi gina filin da ya saya tun yana da sauran baƙin gashi.

Filin nan abin dariya ne. Gabansa mita tara ne, yana tafiya yana tsukewa kamar dutsen guga. Ni na raka shi wurin mai zanen gini, saboda a lokacin ina hutun aiki. Mutumin ya shimfiɗa takarda, ya ja layi huɗu da jan biro.

"Baba, doka ta ce ka bar mita biyar a gaba, biyu-biyu a gefe, uku a baya. Abin da ya rage ɗaki biyu ba za su zauna a ƙasa ba. Sai dai ka hau sama."

"Saman muke gudu," in ji Kawu.

"To sai ka nemi sassauci. Ka cika fom, maƙwabta su sa hannu, kwamitin tsara gari ya zauna a kanka."

Kawu ya sa yatsa a kan jan layin gaba. "Don me biyar? A layin bayanmu na ga uku suke bari."

Mai zane ya yi dariya ya ce shi zane aka koya masa.

Washegari muka tafi ofishin tsara gari. Doguwar baranda ce da benci biyu, da fanka mai kuka kamar ana yanka ta. Matar da ke karɓar takardu ta miƙo fom ta taga, Kawu bai karɓa ba, ya jefa mata tambayarsa.

"Haka yake a rubuce, Baba."

"Na yarda, 'yata. Amma wanda ya rubuta ai da abin da ya gani."

Ta leƙo ta ga layin mutane a bayanmu, ta ce mu je ɗakin ƙarshe wurin mai ajiye fayil, shi ya fi kowa daɗewa. Mun tarar da wani siririn dattijo a tsakanin kantoci, yana shan shayi a murfin fulas. Da ya ji tambayar sai ya ajiye shayin. Ya ce shekararsa ashirin da shida a ɗakin nan, mutane na zuwa da faɗa, wasu da roƙo, amma ba a taɓa tambayarsa dalili ba.

Ya ce mita biyun gefe don iska ne da haske, da ruwan rufi kada ya zuba a gidan wani, da kuma wurin kafa tsani idan gobara ta tashi. Ukun baya na ramin bayan gida ne. Na gaban ne shi ma bai sani ba. Shi da Kawu suka yi kwana uku suna zazzage tsoffin taswirori, Kawu yana dawowa gida da ƙura har a gira. A rana ta uku suka samo wata da ɓera ya ci gefenta. Ashe an taɓa shirin faɗaɗa layin don manyan motocin haya su riƙa bi, daga baya aka karkatar da hanyar ta wani wuri, aka manta ba a goge layin ba.

Duk da haka Kawu bai tsaya nan ba. Ya je ofishin 'yan kwana-kwana da tef ɗin awonsa, ya roƙe su su jingina masa tsani a bango ya ga iya inda ƙafarsa ke kaiwa. Inna ta ce, "Malam, gida za ka gina mana ko jarrabawa za ka zauna?"

Niyyarsa ta farko ita ce ya nemi a rage masa mita biyu a gaba, ɗaya a baya, ɗaya ta gefen dama. Maƙwabcin hagu, mai sayar da tayoyi, ya sa hannu ko karantawa bai yi ba, abin da ya ɓata wa Kawu rai. Ta dama kuwa tsohuwar malamar makaranta ce mai zaman kanta, ta karanta fom ɗin sau biyu ta mayar masa.

"Ba zan sa ba, Malam. Tagar kicin ɗina ta nan take kallo. Ka matso da bangonka, na koma girki da fitila da rana tsaka."

Na zaci zai yi fushi. Sai ya ce, "Malama, za ki bar ni in gani da idona?"

Da safe ya sa aka kafa gora biyu daidai inda bangon zai tsaya, aka ɗaura tabarma mai tsawon ginin. Ya zauna a kicin ɗin Malama a kan kujerar tsuguno tun hantsi har azahar, yana duba agogo yana rubutu. Da ya fito ya ce mini, "Gaskiyarta. Ko gishiri ba za ta bambance da sukari ba." Ya soke buƙatar gefen da hannunsa. Malama ta sa hannu a kan sauran, har ta gyara masa kuskuren rubutu biyu.

Ranar zaman kwamiti mutum biyar ne a bayan dogon tebur. Shugabansu ya ce Kawu yana da minti biyar. Ya yi bayanin gwiwar Inna a minti ɗaya, sannan ya warware hoton tsohuwar taswirar. Wata injiniya a cikinsu ta gyara tabarau, ta tashi ta zagayo.

"Baba, a ina ka samo wannan?"

"A ɗakinku na ƙarshe, ranki ya daɗe. Ƙofa huɗu daga nan."

Aka yi dariya, har shugaban. Minti biyar ta koma arba'in, yawanci su ne ke gardama a tsakaninsu. Bayan mako uku takarda ta fito da hatimi: an ba shi mita biyun gaba, da sharaɗin kada ya toshe kwatar bakin titi. Na baya an hana, saboda rijiyar mutanen bayansa tana kusa. Kawu ya je ya auna rijiyar, ya dawo ya cire ɗakin ajiyar da ya so yi.

Ranar kafa turaku magini ya ɗan tura igiya gaba da kamu ɗaya, yana cewa wa zai sani. Kawu ya tuge turken ya mayar da shi baya da kansa.

Kafin damina suka tare: ɗaki biyu, falo, kicin, ko matakala ɗaya babu. Da yake sauran gidajen layin duk sun ja da baya a jere, na Kawu kaɗai ya yi gaba, kamar mai son ganin abin da ke faruwa a ƙarshen titi. Da farko Inna ta ji kunya, ta ce sun zama haƙorin da ya fita daban. Yanzu kuwa in za ta yi wa baƙuwa kwatance, cewa take, "Ki ce wa mai mota ya sauke ki a gidan da ya leƙo. Duk sun sani."