Takardar Ƙosai

Bayan damina ta ɗauke bana, na ja gado don in share ƙarƙashinsa, sai na tarar gara ta shiga akwatin littattafaina. Akwatin katako ne, da shi aka kawo ni gidan nan. Na daɗe ban buɗe shi ba, shi ya sa ta samu sarari ta yi aikinta a natse. Ta bi ta gindi, ta ci bango, ta ci zaren ɗinki, ta bar mini shafuka warwatse cikin jar ƙasa. Wani littafin farkonsa ya tafi, wani ƙarshensa, wani kuwa rami ta yi masa tun daga sama har ƙasa. Na zauna daɓas da tsintsiya a hannu. Ban yi kuka ba, don gajiyar da nake ciki ko kukan ma aiki ne.

Ina cikin shanya su a tsakar gida sai Yaya Ladi, maƙwabciyata mai tuyar ƙosai, ta leƙo ta kan katanga.

"Maman Nafisa, wannan uban takardu fa? Lekol za ki buɗe?"

"Gara ta riga ni buɗewa, Yaya."

"Ayya, sannu. To, in zubarwa za ki yi ki tuna da ni. Leda narkewa take yi a jikin ƙosai, masu saye sun ishe ni da mita."

Na ce mata zan duba. Amma raina ya sosu. Waɗannan su ne kaɗai abin da ya rage mini na yarinyar da ta taɓa zama a aji, ga shi ana neman su don naɗe ƙosai. Na kwana biyu ina kewaya su, ban ba ta ba, ban mayar ɗaki ba. A cikin wannan kewaye-kewayen ne Iya ta faɗo mini a rai.

Iya ita ce mahaifiyar babana. Sunanta aka sa mini, don haka takwara take kirana. Ba ta yi karatu ba, na allo ko na lekol, wato boko, ban da surorin da take salla da su, waɗanda ta riƙe da ka. Amma ban taɓa ganin mai girmama takarda kamarta ba. Ba ta tsallake rubutu a ƙasa. In mun fita ranar kasuwar Matameye, tafiyar da kowa zai yi a ɗan lokaci mu sai rana ta yi zafi ba mu isa ba, don duk taku kaɗan sai ta duƙa, gwiwoyinta na ƙara, ta ɗauki wani yagaggen abu, ta hure shi, ta ƙulle a gefen zani. Yawanci takardun ƙosai ne da na tsire, sun sha mai har ana ganin yatsa ta bayansu. In na ce, "Iya, mutane suna kallonmu," sai ta ce, "Su kalla. Kin san ko sunan Allah ne ake takawa?"

Akwai tsohuwar tukunya a rataye a ɗakinta, nan take tara su. In ta cika, sai ta ƙone su a wuri mai tsabta, ta binne tokar a gindin kurnar gidanmu. Da na fara haɗa baƙi a lekol, sai ta ba ni aiki. Lokacin ɗari, in an idar da magariba, mukan kewaye murhu mu da 'ya'yan baffana, ita kuma ta kwance ƙullin zaninta ta miƙo mini tsintuwar ranar ɗaya bayan ɗaya.

"Duba mini, takwara. Na tukunya ne ko na murhu?"

In da sunan Allah, tukunya. In babu, a hura wuta da shi. Wata rana na ce mata wannan faransanci ne, na murhu ne, sai dai akwai wata kalma da Mushe, malaminmu na lekol, ya ce mana haka nasara suke kiran Allah. Ta fizge takardar tun kafin ta kai bakin wuta.

"Ke, ba ki da hankali? In an kira ubanki da wani yare ya daina zama ubanki? Sa a tukunya."

Sai dai ba ta yarda a ƙone ko ɗaya sai na faɗa mata abin da ke ciki. Farashin taki ne, sakamakon ƙwallo ne, jarrabawar wani yaro ce da aka zabga wa jan biro, duk tana so ta ji. Yaron nan har addu'a ta yi masa. In kuwa aka dace shafin labari ne, to ranar mun more, don takardar ƙosai ba ta da farko ba ta da ƙarshe. Ina kaiwa inda aka yage sai in ce, "Iya, nan ta tsaya." Sai ta yi tsaki.

"Ita ta tsaya, ni ban tsaya ba. Ku matso. Ga ta nan tafe, wa zai ba ta hanya?"

Mu ce, "Ta shigo, gida nata ne."

Takardar da ta fi zauna mini a rai ita ce ta matar da aka aika ɗebo wuta. Abin da takardar ta ce kaɗan ne: an yi ruwa mai yawa a wani gari har duk wutar murhu ta mutu, aka tashi wata mace ta je garin gaba ta samo. Ta samo garwashi a cikin tsingaro, ta kamo hanya. Nan mai ƙosai ya yage.

Iya ta ɗora. Ta ce hanyar da nisa, garwashin kuwa sai ƙanƙancewa yake. Matar ta tsinci busasshen kashin shanu ta ba shi, ya ci ya farfaɗo. Can gaba ya sake lumshewa, ta ba shi karan dawa. Ta shiga wani fili fetal, babu kara babu itace, sai ta cire gammon kanta ta ba shi. Da ya cinye, ta yagi bakin zaninta. Haka ta yi ta yaga tana ba shi, ta ga kura ba ta gudu ba don kada iska ta kashe shi, ƙishirwa ta kama ta a bakin rafi ba ta duƙa ba don kada ya jiƙe. Ta iso gari zaninta iya gwiwa, tafin hannunta duk ya tashi. Dattawa suka leƙa tsingaron suka ce, "Wannan ba ita ce wutar da aka ba ki ba. Waccan ta itacen kirya ce, wannan kuwa tsumma ne da kashin shanu." Suka zauna gardama, ko a karɓa ko a sake aika wani. Sai wata tsohuwa da jikokinta suka kwana da yunwa ta ratso tsakiyarsu da tukunya a ka. A nan Iya takan maƙale murya ta yi maganar tsohuwar: "Ku gafara, malamai. Bari in ɗora tuwo. In ya nuna kun ci, sai ku gaya mini wutar wace ce."

Muka fashe da dariya, har da Iya, tana tari saboda hayaƙi. Ta rufe da cewa, "Nan ta sauka, nan na sauke ta. Takardar ta mai ita ce, ƙaryar tawa ce, Allah Ya yafe mini." Ladan ya kira isha, aka watse.

A lokacin, abin da na ɗauka shi ne dattawan wawaye ne, shi ke nan.

Da na shiga kwaleji na fara samun littafi cikakke, mai bango gaba da baya. Akwai wani kabad a ofishin darakta da ake ba mu aro daga ciki. Na farkon da na karanta har ƙarshe haushi ya ba ni, don na tabbata da Iya ce da ta fi haka iya ƙarasa shi. Amma na kamu. Baffa in ya dawo daga cin rani a Kano yakan zo mini da na Hausa, a islamiyya kuma na samu na addu'o'i da na tarihin annabawa. Ina karatu ina tuƙa tuwo, ina karatu ina tsefe kan ƙanwata. Iya ta rasu ina ajin ƙarshe. Ranar da aka share ɗakinta, ni na ƙone abin da ya rage a tukunyar.

Bayan aure ma ban daina nan da nan ba. Baban Nafisa, Allah Ya saka masa, duk dawowarsa daga Kano akwai littafi cikin tsarabata, a naɗe cikin atamfa. Sai dai rani yana da tsawo in maigida ba ya nan. Ruwa ni, itace ni, kai yaro likita ni, ga Hajiya mahaifiyarsa da ƙafa ta kwantar, sai an ɗaga an juya. In na ɗauki littafi kafin tukunya ta tafasa, shafi ɗaya zan yi wani ya ƙwala mini kira. In na ɗauka bayan isha, a fuskata yake kwana. Alƙur'ani ma, da na saba zama in yi izu guda ban motsa ba, yanzu 'yan ayoyi ne bayan asuba kafin ƙaramin ɗana ya farka. Nakan ji kunyar Ubangijina a kan wannan. Abin da ya fi ci mini rai, da na zauna gaban shafukan da gara ta bari, na ga sunayen mutanen da na taɓa yi wa kuka, amma na kasa tuna yadda suka ƙare. Na ce a raina, to ina amfanin duk wannan karatun, tunda ko riƙe shi ban yi ba?

Rana ta uku na kira Nafisa, babbar 'yata, bayan magariba. Na ɗauko wata tsohuwar tukunya na ajiye a gefen murhu, na gaya mata yadda ake yi. Ita ke dubawa, don idona ya fara gajiya da ƙananan rubutu.

"Inna, na Hausar nan fa kusan duk na tukunya ne. Mutanen ciki ba sa iya buɗe baki sai sun ce wallahi."

"To kamar wa?"

"Kamar Yaya Ladi," in ji ta, muka yi dariya.

Na addini da na Hausa muka ƙone a wuri mai tsabta, na binne tokar a gindin zogale. Na fi son haka da a taka su. Na faransanci da na lekol, bayan mun tsince masu sunan Allah, na ɗaure da igiya na miƙa wa Yaya Ladi ta kan katanga. Ban tsaya jin godiyarta ba.

Ba a yi mako ba na aiki Nafisa sayen ƙosai da yamma, don ranar ban da ƙarfin yin miya. Ta daɗe. Da ta shigo, tafe take tana tuntuɓe, ƙosan a hannu ɗaya tsirara, takardar a ɗaya hannun ta kai ta saitin hanci.

"Inna, littafinki ne! Wata yarinya ce ta ɓuya a cikin jirgin ruwa, mai jirgin ya ji motsi ya ɗauko fitila. Nan aka yage. Sai me ya faru?"

Na karɓa. Mai ya ratsa ta, tana ƙamshin albasa. Na gane littafin sarai, har na tuna inda na zauna na karanta shi, a kan turmi a gidanmu. Ƙarshen ne babu shi, ya tafi. Na buɗe baki zan ce mata na manta, ga kwanuka jibge, ga Hajiya tana jiran a shafa mata magani, bayana kamar an sassare.

Sai na tuna matar nan mai tsingaro. Shekara da shekaru ina zaune cikin dattawan ban sani ba, ina leƙa abin da ke hannuna ina cewa ba shi aka ba ni ba. Gaskiya ne, garwashin farko ya daɗe da zama toka. Shafi ɗaya kafin tukunya ta tafasa, aya uku kafin yaro ya farka, tsumma ne da kashin shanu. Amma ga yarinya tsaye gabana ta manta da ƙosai a hannunta saboda rabin shafi, kuma a gidan nan wutar ta kama.

Na ce ta kai wa Hajiya nata da zafinsa, ta kira ƙannenta. Na ja kujera kusa da murhu, gwiwoyina suka yi wata ƙara da na san inda na taɓa jin irinta.

"Inna, kin tuna ƙarshen?"

"Takardar ce ta tsaya," na ce mata. "Ku matso."