Baƙo Masassaƙi Ya Rufe Rumfa, Bai Janye Lamuni Ba

Duk wanda ya saba sammako zuwa mashigin da ke ƙasa da garin Haɗeja ya san tsohon nan. Da an sallame asuba sai ya gangaro da sandarsa, ya bi jiragen da ke ɗaure a gaɓa ɗaya bayan ɗaya, ya ƙwanƙwasa cikin kowanne, ya karkata kai yana saurare. Wani jirgin ya wuce shi, wani kuma ya tsaya ya nemi mai shi. Ko ɗaya babu mallakinsa a ciki. Malam Baƙo ne, masassaƙin jirgi, wanda ya ajiye gizago tun shekarar da sojojinmu suka dawo daga yaƙin Turawa a ƙasar Bama, saboda hannu ya soma rawa.

A al'adar masassaƙan gulbin nan, kowa yana da shaidar da yake tsagawa a goshin jirgi. Yawancinsu don talla suke yi. Shi Malam Baƙo ya ɗauki tasa lamuni ce: muddin shaidarsa tana kan ruwa, aibin jirgin a wuyansa yake. Saboda haka tun yana aiki yake ajiye jirgi guda na icen maɗaci a gefe, wanda duk nasa ya ba shi matsala ya zo ya ɗauka kafin a gyara. Da ya rufe rumfa ya rabar da kayan aiki, amma wannan jirgin bai sayar ba. Da shi yake haye gulbi zuwa 'yar gonarsa ta shinkafa a fadama, wadda ita ce abincin gidansa yanzu.

Bara da ruwa ya cika, jirgin Umara mai fito ya tsage tun daga goshi har tsakiya, yana ɗauke da mata masu dawowa daga kasuwar Kafin Hausa. Allah ya kiyaye, kusa da gaɓa ne, kowa ya fita da ƙafarsa. Amma Umara ba shi da wata sana'a sai fito, ga iyali, ga shi lokacin cika babu mai ba ka aron jirgi ko da ɗan'uwanka ne. Jirgin yana cikin na ƙarshe da Malam Baƙo ya sassaƙa. Umara bai kai ƙara ba, bai ma je gidan tsohon ba, don kowa ya ce masa mai rumfa ya rufe, magana ta ƙare.

Tsohon ne ya zo da kansa. Waɗanda ke wurin sun ce ya daɗe a durƙushe yana shafa tsagar, sannan ya ce, "Wannan icen da damina aka sare shi, yana cike da ruwa. Wanda ya kawo mini ya ce na rani ne, ni kuma ban duba da kyau ba. Umara, je ka kwance nawa."

Ɗansa Shu'ibu ya ja shi gefe. "Baba, shinkafa ta fara nuna. In ka ba da jirgin, wa zai je korar tsuntsu? Ka bar aikin nan fa, ko alƙali ba zai kama ka ba."

"Na bar aiki," in ji shi, "jirgin bai bari ba. Mutane yake ɗauka."

Kada mai karatu ya zaci abin ya ƙare da daɗi. Tsuntsun nan jan-baki mai cin hatsi ya sauka a fadama, tsohon kuwa sai ranar da wani ya sami gurbi yake hayewa. Abin da ya girba bai kai su bazara ba. Na ga matarsa Fanna tana sayar da tabarmi a kasuwa, abin da ban taɓa gani ba, kuma raina ya ɓaci ƙwarai. Har yau Shu'ibu yana ganin mahaifinsa ya yi wauta, ni kuma ba zan ce ba shi da hujja ba, tunda shi ma a wannan tukunyar yake ci.

Na ji daga wani akawun kanti a Kano cewa Turawa suna da wani abu wai shi inshora, mai sana'a ya riƙa biya don in aikinsa ya cuci wani a rama masa, har suna gardama kan ko wanda ya rufe shago zai ci gaba da biya. Da na ba Malam Baƙo labari sai ya yi dariya, ya ce su tambayi masu fito. Na ce to yaushe zai huta? Ya ce, "Ranar da jirgina na ƙarshe ya zama itacen girki."

Malam Baƙo, kai ne ka nuna mana cewa rufe ƙofa ba ya sauke amana. Ba ka da sarauta, ba maroƙin da ya san sunanka, amma mata da yara suna shiga jirginka ba tare da fargaba ba, har da wanda ka sassaƙa tun kafin a haife su. Gwanin maɗaci, mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya mayar maka da abin da tsuntsu ya cinye.

Ku kuma magina da maƙera da masu haƙar rijiya, ranar da za ku ajiye kayan aiki ku tuna aikinku bai ajiye ba. Ku ware wani abu a gefe saboda ranar da zai nuna aibinsa. Masu fito, ku nake roƙo musamman. Bana ma shinkafa ta kusa nuna, ga jirgin maɗacin har yau yana hannun Umara, kuma mutumin da ya cika gulbin nan da jirage yana tsaye a mashigi da sandarsa yana jiran wanda zai haye da shi. In kun gan shi, ku matsa masa wuri.