Abin da Yayana Ya Faɗa Ranar Rabon Gona

Shekarun aurenmu sun yi nisa ba haihuwa, matata ta sha saiwa da rubutu har ta gaji. Ni ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a Madarounfa. Da wani hutu na ce mata bari ni ma a duba ni. Yayana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya raka ni asibiti a Yamai, don shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu.

Aka ɗebi jinina aka aika waje. Da muka koma jin sakamako, lokotoro, wato likitan, ya tambaye ni ko yayana zai fita. Na ce ya zauna, ba ni da abin ɓoye masa.

"Kowane namiji yana da wata ƙwayar halitta da ake kira Y," in ji lokotoro. "Taka ta rasa wani ɗan guntu, wanda ke sa jiki ya yi irin haihuwa. Haka aka haife ka. Ba ciwo ba ne, ba sammu ba ne, kuma ba mu da maganinsa."

A tasha na kasa cin abinci. Yayana ya dafa kafaɗata ya ce, "Ƙanena, maganar nan daga ni sai kai sai Allah."

Matata kaɗai na gaya wa. Na ce in tana son tafiya ba zan riƙe ta ba. Ta yi kuka, ta zubar da sauran magungunanta, ta zauna.

Bayan damina biyu baffanmu ya tara mu rabon gonakin gado. Akwai fadama kusa da tabki inda na dasa zogale da hannuna, kowa ya san ita nake so. Dattawa sun cika zaure, har da surukina.

Yayana ya gyara zama ya ce, "Baffa, fadamar nan a bar wa mai 'ya'ya. Shi wannan ba zai taɓa haihuwa ba, da kunnena na ji a Yamai. Wa zai bar wa?"

Surukina ya sunkuyar da kai.

"Yaya," na ce, "ni ne fa."

Bai dube ni ba.

Baffa ya ce gado ba a raba shi da yawan 'ya'ya, ya ba ni fadamar. Amma kafin kasuwar Ɗan Issa ta sake ci, labarin ya gama gari. Masu gaishe ni suka riƙa sassauta murya. 'Yan uwan matata suka yi ta zuwa su tafi da ita, tana mayar da su.

Har yau ina gaida yayana a masallaci, ina zuwa sunan 'ya'yansa. Gidansa dai ban ƙara zama na ci tuwo ba. Shi kuma bai taɓa ce mini ya yi kuskure ba.